Kunkurun Kawu Sallau

A bayan gidanmu a Dakace, gindin mangwaro,
inda wasu ke ɗaure tumaki,
Kawu Sallau ƙarfe yake kiwo.
Kacar keke, bakin garmar da ta dakushe,
injin markaɗen da Inna Marka ta sallama
ta ce ko kyauta kar a dawo mata da shi,
rabin duro, tayar baro guda biyu,
da giyar wani babur da ya mutu a hanyar Jos.

Ran Asabar sai ya shiga Sabon Gari wajen 'yan gwangwan,
ya dawo da noti uku a aljihu
yana fara'a kamar wanda aka biya tsohon bashi.

Ni ke riƙe masa tocila.
"Haska nan, Ilu, ba fuskata ba.
Miƙo sha uku."
In miƙa sha biyu, ya yi tsaki,
ya goge hannu a gaban riga,
baƙin mai ya hau kan baƙin man jiya.

Wata bakwai muna haɗa shi.
'Yan majalisar mai shayi suka raɗa masa suna Kunkuru.
Ɗan Asabe ya ce ranar da ya yi tafiya
zai ci hularsa ba miya.

Sai ga daren nan na tsakiyar damina.
Ba ruwa ne ya fara sauka ba,
tsakuwa ce daga sama.
Kwanon ɗaki ya yi ta ihu, ba ka jin na kusa da kai.
Da muka leƙa, tsakar gida fari fat,
ƙanƙara kamar ƙwan zabo,
Hanne na tsincewa a murfin langa
tana kukan wai tana gudu daga hannunta.
Bayan nan ruwa ya kwance har kiran assalatu.
Galma ta yi ta gurnani a can ƙasa.

Da safe babu hanya.
Daga ƙofar masallaci zuwa bakin titi
laka ce da yashi, iya gwiwa.
Ɗanyar masara buhu arba'in a zaure,
direban akori-kura yana can kan kwalta
yana danna oda, ya ce nan ya tsaya.

Kawu bai ce uffan ba.
Ya yaye buhun da ya rufe Kunkuru,
ya zuba fetur rabin kwalba,
ya naɗa igiya, ya yi bisimilla, ya ja.
Tari.
Ya ja. Tari.
A na bakwai hayaƙi ya tashi, kaji suka watse,
rabin duron nan ya sunkuyar da kai
ya shiga laka kamar sa a kunya.

Yana turawa, tana darewa gefe biyu.
Sannu sannu, wallahi, tsohuwa ma sai ta wuce shi,
amma a bayansa ƙasa ce ja, mai tauri.
Na waiwaya, sai ga 'yan majalisa da shebur,
Ɗan Asabe a gaba, hularsa a aljihu.

Daidai kwalbati bel ya tsinke.
Shiru.
Muna jin ɗigar ruwa daga ganyen darbejiya.
Inna Marka ta iso, zane a ɗage,
ta miƙa masa igiyar gugarta ta roba.
"Injina ne dai," ta ce, "na san halinsa."

Taku sittin ya ƙara da igiyar guga
kafin ya mutu, saura kaɗan a kai titi.
Ragowar da hannu muka kwashe.
Masara ta tafi kafin azahar.

Da dare sauro na cizon ƙafata,
tocila ta fara ja,
Kawu na kwance a ƙasa, kunnensa a jikin ƙarfe.
"Na ji inda ke masa ciwo," ya ce.
"Haska nan.
Miƙo sha uku."
Na miƙa sha uku.