Kalandar Kicin

A jikin firjinmu, nan Hull, akwai kalanda,
kyautar mai sayar da kifi ce.
Kowa a gidan nan yana da ranarsa a ciki,
an kewaye ta da jan biro.

Ta Inna ta fi kusa.
Wata shida aka ba ta, bizar baƙunta,
ta zo mini wankan jego.
A filin jirgi, ta bayan gilashi, aka tambaye ta:
za ki yi aiki a ƙasar nan?
Tafinta ya juya mata. Ta ce a'a,
ita jika ta zo gani.
Tun ranar ba ta zauna ba.
Da asuba ta dafa ruwa, ta gasa cibiya,
ta dama kunu da kanwar da ta ƙullo a bakin zane,
ta wanke, ta shanya, ruwa ya sauko,
ta kwashe, ta sake shanyawa.
Duk wannan, a takarda, sunansa ziyara.

Hansatu ƙanwata ɗaliba ce.
Awa ashirin a mako aka yanka mata,
da cokali take auna su:
takwas a gidan burodi, sha biyu goge-goge a asibiti.
Ranar da manaja ya roƙe ta ta ƙara awa ɗaya
ta ce masa kanta ke ciwo,
ta dawo gida lafiyarta ƙalau,
ta zauna tana kallon bashin makaranta a waya.

Tawa kuwa ɗaure take da ƙafar gado
a gidan tsofaffi na titin Anlaby.
Sunan kamfanin yana jikin izinina
kamar shaidar da ake yi wa saniya.
In suka sallame ni, kwana sittin ne,
ko in sami wani ubangida, ko in tattara komatsaina.
Shi ya sa ba na rabo da murmushi.
Misis Edna, mai shekara casa'in da ɗaya,
kullum sai ta tambaye ni yaushe na zo,
kullum in ce jiya,
ta ce to zauna ki sha shayi, kin sha hanya.
Duk faɗin ƙasar nan
ita kaɗai ba ta taɓa tambayata ranar komawa ba.

Ta Dalhatu a wuyan tawa aka rataye ta.
A Gusau sai ya sa hannu ake biyan albashi.
Nan takarda ta ce da ni ya dogara.
Ranar farko ya yi dariya har da tafi.
Yanzu da dare yake tuƙa motar kai kaya,
ba ya zancen.

Sai 'yar ƙaramar, Nu'aima,
da aka haifa nan, ƙarfe uku na dare, ana yayyafi.
Ba 'yar nan ba ce, in ji doka,
Gusau kuma ba ta taɓa shan ruwanta ba.
Sau tara muka ɗauke ta hoton fasfo
kafin ta yarda ta buɗe ido.

Zaman 'yan marina muke yi,
tukunya ɗaya, kowa da inda ya sa gaba.

Daren jiya Inna ta haɗa akwati.
Ta ce baƙo raɓa ne.
Na ce nan raɓar ma sai an ɗauki yatsunta.
Ba ta yi dariya ba.
Ta ciro zare daga gefen mayafi,
ta auna tafin ƙafar jaririya,
ta gatsa, ta ƙulle, ta sa a lalita.

Sannan ta ce, ke da kika iya karatunsu,
wace iri ake nema
in mutum so yake kawai
ya ga ranar da haƙorin farko zai fito?

Na buɗe waya, na bi jerin:
ta baƙo, ta ɗalibi, ta ma'aikaci,
ta mai tsinkar 'ya'yan itace, ta ɗan ƙwallo, ta mai wa'azi.
Na kai ƙarshe, na sake hawa sama.
Inna tana jira, hannunta a kan zik ɗin akwati.