Ka Ji Ciwo?

A gidanmu na Yakasai
kunne muka fara koya kafin baki.
Tun daga bakin lungu muke karanta Vespar Baba:
in ta yi tari biyu kafin ta mutu,
ranar kasuwa ba ta yi ba,
sai kowa ya nemi bangon da zai lafe.
Har miyar Inna takan rage tafasa.

Ina ɗan shekara bakwai na fasa filas ɗin shayi.
Zafin ruwan ya ɓace mini.
Wayar rediyo ce ban manta ba,
da yadda na tsince kwalbar da hannu,
ina sauri kada jini ya ɓata tabarma.

Yau arba'in da uku gare ni,
da shagon tayil a Ƙofar Ruwa,
yara biyar na ce mini oga,
amma in an bugo ƙofa da ƙarfi
kafaɗata ce ke riga bakina amsawa.

Daren Talata, bayan isha'i,
akwai shirin da nake zama dominsa.
Ba harbi, ba wanda ya kwana ya tashi da kuɗi.
Gida ne kawai mai bishiyar gwaiba
da Malam Tanimu mai gyaran agogo,
wanda in ya yi sallama yara ke rugowa.
Wajensa suke rugowa, ka ji.

Mako shida ina jiran ranar da zai nuna hali.
Sai ga faranti ya kuɓuce wa ɗansa, ya tarwatse.
Na rage sauti.
Yatsun ƙafata suka nutse cikin kafet.
Mutumin ya tsuguna, ya kama hannun yaron,
ya ce, "Ka ji ciwo?"
Shi ke nan. Aka tafi tallar sabulu.
Zinatu ta tarar da ni ina kallon kumfa
da jiƙaƙƙen gemu.
Ta ajiye kunu, ta ja labule.

Na san shiri ne.
Na san akwai mai kyamara a gefen gwaibar,
wataƙila ma faranti uku suka fasa kafin ya yi.
To, mai ƙishirwa ina ruwansa da wanda ya haƙa rijiya?
In an ɗauke wuta nakan tada janareto,
lita guda, rabin awa,
in zauna a tsakar gidan da ban taɓa shiga ba
har wuyana ya saki.

Ran Asabar Rumasa'u ta saki wayata a kan dakali.
Na ji Vespa ta yi tari a ƙirjina,
hannuna ya tashi ban aike shi ba.
Sai na ari bakin mai gyaran agogo.
Maganar ta fito a karkace, kamar rigar aro:
"Kin ji ciwo?"
Ta duba tafinta, ta duba ni,
ta ce, "A'a Abba, wayar ce ta ji."

Jiya Juma'a na kai wa Baba magani.
Hannunsa rawa yake yanzu.
Kofi ya zame, ya fashe tsakanin ƙafafunsa,
ya ɗago ya dube ni
da idanun wani yaro da na sani.
Kalma uku ce, tana nan a maƙogwarona.
Na ɗauko tsintsiya na share, har ƙarƙashin gado,
na zuba masa wani shayin.

Ban iya ba tukuna.
Saura kwana uku Talata.