Shagunan da Ba Su da Ƙofa

A Garwa, bayan isha'i,
in zafi ya sassauta, in wuta ta yi mana kara,
nakan gina shaguna cikin kwamfuta,
ba bulo, ba kwano, ba kuɗin haya.
Wa zai ba ka ɗinki
bai ga rigar wuyanka ba?

Daren Litinin na gina otal
mai ɗaki goma sha biyu, duk suna kallon Binuwai.
Ni da ke kwana kan tabarma a zauren Goggo Dudu
na shimfiɗa gadaje farare fes,
har na rubuta: akwai ruwan zafi.

Talata shagon tela. Laraba ɗakin magani,
wuta ta ɗauke ina tsakiyar jera kwalabe.
Ran Alhamis na ƙagi mutum sukutum,
na raɗa masa Bappa Sali mai kifin Lagdo,
na ba shi hula, na ara masa murmushi,
na yanka wa bandarsa farashi da ka.

Asabar na hau babur sai babbar kasuwa,
rumfar Alhaji Hamajoda, dillalin kifi.
Ya karɓi wayata, ya nesanta ta da ido,
yana jan shafin da yatsa mai ƙarni.
Shiru.
Gabana na dukan uku-uku.

"Wannan Salin, a wane layi yake?
Shekara talatin ina nan, ban san shi ba.
Kwando jaka goma sha biyar?
Zai kashe mana kasuwa!"

Na ce, Alhaji, ai babu shi,
samfuri ne, ni na yi shi,
don ka ga yadda naka zai kasance.

"Kai ka yi shi,
ka kuma bar shi yana karya farashi?"
Yaran rumfa suka tuntsire da dariya.

Bai ce e ba, bai ce a'a ba.
Ya ce in dawo bayan Juma'a,
ya ƙunsa tarwaɗa biyu a takardar siminti:
"Kai wa Salinka, ya ga yadda ake banda."

Goggo ta yi miya, mun lashe har tukunya.
Da dare na buɗe shagon Bappa Sali
na ƙara masa jaka uku a kwando.
Bai yi gardama ba.
Na leƙa otal,
har yanzu ba baƙo ko ɗaya,
gadajen dai na nan a gyare.