Sanyi a Gwangwani

A Yuma, watan Yuli ba ya sallama,
ƙofa yake bankowa.
Kafin hantsi sitiyari ya zama kasko,
ƙarfen bel ya yi maka lalas a cinya.

Akori-kurar babana, Nicanor,
ta girme ni da shekara shida.
Shuɗiya ce a takarda.
A ido kuwa, rana ta lashe fentin
ta bar mana toka.

Ran Asabar ya shimfiɗa kwali a ƙasa,
ya shige ƙarƙashinta har ƙugu,
ni ce mai miƙo sifana.
"Itzel, sha huɗu."
Na miƙa sha uku.
Tsaki ya fito daga ƙasan mota
kamar ita ta yi shi.

Baƙin mai ba ya wuya:
galan guda, matata, mazurari.
Man birki na nan a kanta ta uku.
Ruwan lagireto kore shar, kamar lemon yara,
mai zaƙi ne, shi ya sa ake ɓoye wa kare.
Waɗannan duk kuɗi ke kiransu su amsa.
Sanyi ne ya gagara.

Mama na zuwa wankin ƙoda
Litinin, Laraba, Juma'a.
Mil sha tara zuwa, sha tara komowa,
taga a buɗe, iska kamar daga bakin tanderu.
Ba ta taɓa cewa uffan ba.
Tsumma take jiƙawa ta ɗora a wuya,
kafin mu wuce gonakin dabino ya bushe ƙayau.

Yaron kanti ya danna kwamfuta, ya ɗaga gira:
"Gas ɗin da motarku ke sha,
an daina yin sa ban zo duniya ba.
Wai yana huda rufin sama.
Ragowar da ke hannun mutane sai mai lasin,
kuma kuɗinsa ya fi na motar."
Baba ya cire hula, ya leƙa cikinta
kamar amsar na can.

Sai makabartar motoci, bayan layin dogo,
inda Orval ke zaune ƙarƙashin laima
da ido ɗaya da rediyo.
Dala biyu kuɗin shiga, kayan aiki naka ne.
"Layi na tara. Ku bubbuga ƙarfe kafin ku sa hannu,
maciji ma inuwa yake nema."

Can muka tarar da ƙanwarta,
ba taya, ba gilashi,
takalmin yaro ɗaya a ƙasan kujera.
Baba ya dafa bonet ɗinta tukuna,
yadda ake dafa kafaɗar mai ta'aziyya,
sannan ya kwance kwamfireso.
Noti na ƙarshe ya ci masa fatar yatsa.

Maƙwabcinmu Phuoc ya ara mana famfon zuƙe iska
da agogon awo mai fuska biyu, ja da shuɗi.
Muka wanke bututu, muka sake mai,
muka ɗura sabon gas, gwangwani uku.
Daren nan sanyi ya zo.
Da safe ya gudu, ko ban kwana.

Baba bai yi magana ba.
Ruwan sabulu ya kaɗa a kofin shayi,
ya bi kowace gaɓa yana shafawa,
har wani lungu ya hura kumfa,
ƙaramar kumfa, mai tona asiri.
Zoben roba ne, bai kai na yatsan jariri ba.
Santi arba'in.
Mako uku na yawo, santi arba'in!

Ran Laraba muka rufe tagogi duka.
Na ji ƙarar numfashin Mama a karon farko,
da ba iska ke danne ta ba.
Tsumman na kan cinyarta, a jiƙe har asibiti.
Wajen gonakin dabino ta juyo:
"Nicanor, rage abin nan,
kashe ni za ka yi da ɗari?"

Ya rage.
Hannunsa mai filasta yana rawa a kan giya,
dariya ce ko me, ban tambaya ba.