Ganyen Gwaza a Aboabo

Ruwa ya sauko Aboabo tun asuba.
Gwazan Iya Tabawa, can bayan ɗaki,
ya baje ganye kamar faifai.
Ɗigo ya faɗo, ya mirgina, ya bi tsini,
ya sauka ƙasa bai jiƙa shi ba.

Iya ta ce, "Can garinmu bagaruwa
tsuke ganye take kamar ƙwayar gero,
ta tura saiwa nesa neman laima,
ta ɗaura ƙaya saboda akuya.
Wannan kuwa ruwa ya ishe shi,
har korarsa yake."

Ta tsinko uku don miyar kontomire.
Na bi hannunta da kallo.
Shekara arba'in tana Kumasi,
har yau da rabin moɗa take alwala.