Daƙiƙa Huɗu Bayan Makulli

A bayan Tashar Dukku, rumfar kwano,
ƙaurin dalma ya riga shayi tashi.
Ga koren allo a kan benci,
ƙwaƙwalwar injin da nake fama da ita tun Laraba.

Batir sha biyu yake bayarwa, in ya ga dama.
Da asuba Babayo na murɗa makulli
sitata ta zuƙe wutar kamar maraƙi a hantsa,
ta faɗo shida.
In kan batir ya kwance a ramukan hanyar Bajoga
ta yi tsalle ta haura arba'in,
sai ka ce an buɗe madatsar Dadin Kowa.
Ita kuwa 'yar tawa biyar take ci,
ba ƙari, ba ragi.

Na tsayar da dayod a bakin zaure,
don Tela ya taɓa ɗaura ja a mazaunin baƙi,
dubu tamanin ta zama hayaƙi muna kallo.
Na girke kafasito biyu, randuna,
saboda ranar da famfo zai ɗauke.

Duk wannan da sauƙi.
Kashewa ce ta hana ni barci.

Direba ya zare makulli ya tafi cin tuwo,
a wurinsa zance ya ƙare.
Ita da saura a bakinta:
zafin da ruwa ya kai, laifin silinda ta uku,
inda maƙogwaron iska ya tsaya.
Ka yanke ta a nan, gobe ta farka
da rabin kalma, tana kame-kame.

Haka mahaifina ya tafi a asibitin Kumo.
Ya ce, "Gonar nan ta gabas..."
Shekara tara muna cika masa zancen,
kowa da nasa.

Sai na ba ta rile, igiyar a hannunta.
Makulli ya fita, ita ke riƙe da wutarta:
ta rufe mai,
ta rubuta abin da ta gani yau,
sannan ta saki da kanta.
In ta yi gardama ta wuce goma
akwai mai gadi da zai ja mata bargo,
kar ta kwana tana tsotson batir.

Jiya bayan isha'i muka gwada.
Babayo ya zare makulli, ya ɗaga shi sama.
Koriyar fitilar nan ba ta mutu ba.
Na ƙirga a zuci, ɗaya, biyu, uku,
ƙas.

Ya ce, "Me ta tsaya yi?"
Na ce sallama take, ƙyale ta.