Jirgin Kawu Mantau

Shekara tara yana kife a gindin giginya,
bayan gidanmu, can gabas da Guri.
Awaki na hawa bayansa su yi tuƙa,
kaji sun mai da cikinsa akurki.
Wa zai ce ya taɓa sanin ruwa?

Kawu Mantau ya rasu ya bar shi,
injin na ɗaki, nannaɗe a buhun taki.
Aka raba gado: gona, keke, tumaki biyu,
da aka zo kan jirgi kowa ya kau da kai.
Na ce a ba ni. Yaya Tabawa ta tuntsire:
"Ka samu itacen girki, ƙanena,
sai dai hayaƙin kwalta ba ya shaƙuwa."

Ranar da muka birkito shi, mu shida,
kunama ta fito da 'ya'yanta a goye.
Gara ta ci katako uku ta hagu,
na danna da yatsa, yatsan ya nutse
kamar a dafaffiyar kabewa.

Buhun shinkafa biyu na sayar,
na sayo maɗaci a kasuwar Haɗeja.
Gizago, zarto, ƙusa cike da gwangwani.
Tsohuwar ƙusa ba ta fita da faɗa,
lallashinta ake, kamar ƙaya a diddige.
Na cusa auduga a kowace kafa,
na dafa kwalta a tukunyar da Inna ta yar.
Har yau tana mini mitar tukunyar,
wai ba yarwa ta yi ba, ajiyewa.

Injin ne mai taurin kai.
Zanzaro ya yi gini a bakin kafireta,
tsatsa ta riƙe fistin riƙon mai bin bashi.
Ɗangana mai gyaran injin ban-ruwa
ya leƙa, ya yi tsaki, ya leƙa kuma,
ya ce a jiƙa shi mako guda a kananzir.
Fulogi daga Kano, farfela daga Nguru,
ta wani jirgin da ya riga namu mutuwa.

Na ja igiya, ya yi tari, ya yi shiru.
Na ja har tafin hannuna ya saɓule,
yara a kan katanga suna ƙirga mini.
Da la'asar sakaliya ya yi gyaran murya
irin ta Kawu in zai yi magana a taro,
sannan ya ɗauka. Shuɗin hayaƙi ya cika gida,
kaji suka watse,
Inna ta fito da muciya a hannu, ta tsaya.
Ba ta ce komai ba.
Ta san ƙarar nan tun tana budurwa.

A goshinsa akwai rubutu a da,
rana ta lashe fenti, saura "ƙuri".
Haruffa biyu na mayar, ban yi ƙari ba.

Mun tura shi ranar da kogi ya ci hanyar mota.
Daren farko ya sha ruwa har rabi,
na zauna a gaɓa, gwiwa ta mutu.
Ɗangana ya ce, "Ƙyale shi, ƙishin shekara tara ne,
katako sai ya kumbura yake haɗe baki."
Kwana uku ya ƙoshi, ya bar shan ruwa.

Kacala ta toshe tsohuwar mashigar Kawu,
sai na nemi tawa ta bayan gonakin shinkafa.
Sau biyu farfela ta naɗo ciyawa,
na faɗa har wuya ina warwarewa.

Wa ya fara shiga? Tabawa ce,
da kwandon banda da goyo da bakinta.
A tsakiyar kogi ta ɗaga ƙafa:
"Kai, jirgin naka yoyo yake ta nan!"
Na miƙa mata ƙwarya, na ce na sani.
Katako ɗaya na bari na Kawu,
mai shatin diddigensa inda yake tokarewa.
Ta dube shi, ta dube ni,
ta gyara goyo, ta fara kwarfewa.